Famasin da muke karɓar maganin ADHD a Kaduna, da abin da suka faɗa min kan zobo, kanwa da shayi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wannan rubutun na iyayen da likita ya ɗora yaransu kan maganin ADHD ne, wato larurar nan ta rashin natsuwa da kasa tsayar da hankali wuri ɗaya, da kuma manyan da ke shan maganin da kansu, don na san akwai su a garin nan ko da ba sa faɗa wa kowa. So nake in yi magana kan famasin da muke karɓar maganin yarona, in faɗi abin da ya burge ni da abin da bai min ba. Ba zan kama sunan wurin ba, ba don rowa ba wallahi, sai don irin maganin da ake magana a kai, kun san halin da ake ciki da 'yan ƙwaya a garin nan, ba na so in jawo wa bayin Allah cinkoson waɗanda ba larura ce ta kawo su ba. Duk wanda likita ya rubuta wa takarda, likitan zai nuna masa inda ake samu. Wurin dai yana cikin gari, daga Kawo ko Tudun Wada keke napep zai kai ka ba wahala.

In don maki ne, na ba su taurari huɗu cikin biyar, kuma gaskiya uku daga cikin huɗun nan na mace ɗaya ce, famasis ɗin, wato ƙwararriyar masaniyar magani, da ke zama da safe.

Da farko dai famasi ne na gaske, ba kemis ba, kuma ya kamata mu riƙa bambance su. Lasisin PCN, hukumar da ke kula da famasi, na rataye a bango inda kowa zai gani. Mai kemis na bakin layi doka ba ta ba shi izinin sayar da maganin da sai da takardar likita ba, balle irin wannan. Maganin da yarona ke sha, metilfenidet, yana cikin waɗanda yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta sa wa takunkumi, a nan gida kuma NAFDAC da NDLEA na sa ido a kai. Don haka ba za ka gan shi a kan kanta ba, a akwati mai makulli yake, sai ka kawo takardar likita ta asali mai sa hannu da hatimi, hoton takarda a waya ba sa karɓa ko kai waye, sannan a rubuta a wani babban rajista ka sa hannu. Na ga wani alhaji yana ta faɗa kan wannan, wai shi an raina shi. Ni kam hakan ma ya kwantar min da hankali, duk wanda ya ga abin da maganin tari mai kodin ya yi wa yaranmu kafin gwamnati ta hana shi a 2018 ba zai ga laifin wanda ya tsaurara ba.

To abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne, matar nan kafin ta miƙo min kwalbar sai ta ce, "Hajiya, me yake ci da safe, kuma ƙarfe nawa yake fita makaranta?" Ban taɓa zuwa sayen magani an yi min irin wannan tambayar ba. Galibi a rubuta maka ɗaya safe ɗaya dare a jikin leda a ce Allah ya ƙara sauƙi, shi ke nan. Ita kuwa sai ta jawo takarda da biro ta ce in lissafo mata komai tun daga karin kumallo har abin da yake saye a bakin makaranta da naira ɗarin da ake ba shi.

Dama na zo da tambaya a bakina. Akwai wata murya da ake ta turawa a WhatsApp tsakanin iyaye, wata mata na cewa duk yaron da ke shan maganin ADHD kada ya kusanci lemo, zobo, tsamiya, tumatir, har yogot, wai tsami na kashe maganin tun a ciki, kuɗinka sun tafi a banza. A gidan kakarsa har an fara hana shi zobo, yaro yana kallo 'yan uwansa na sha, abin ya tsaya min a rai, don dama yaran nan suna fama da jin cewa su daban ne, kullum su ake tsawata wa, su ake kira marasa ji. Na kunna mata muryar ta saurara har ƙarshe, ba ta yi dariya ba, ba ta ce shirme ba ne, sai ta ce, "Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ba a kan maganin ɗanki ba."

Ga yadda ta warware min, zan faɗa gwargwadon yadda na riƙe, kuma daga baya na karanta takardar da ke cikin kwalin na ga bai saɓa ba. Magungunan ADHD masu zaburar da ƙwaƙwalwa gida biyu ne. Akwai gidan metilfenidet, su ne Ritalin da Concerta da Medikinet da sauransu, kuma su aka fi rubutawa a nan. Akwai gidan amfetamin, su ne Adderall da ake ji a Amurka, da Vyvanse wanda a Ingila ake kira Elvanse, waɗannan ba kasafai za ka gan su a ƙasar nan ba. Zancen tsami na gidan amfetamin ne. Shi amfetamin ɗabi'arsa kishiyar tsami ce, to in ya haɗu da tsami mai yawa a ciki, kamar ruwan lemo ko ƙwayar bitamin C mai ƙarfi, sai ya yi wuyar ratsa bangon hanji ya shiga jini. Sannan abin da ya fi wannan ma, in fitsarin mutum ya yi tsami, ƙoda kan zubar da shi da wuri, sai maganin ya sake ka tun kafin lokacinsa. Shi ya sa ake ba masu shan irin wannan shawarar su bar tazarar kamar awa ɗaya tsakanin maganin da abu mai tsami. Amma metilfenidet hanyarsa daban, hanta ce ke farfasa shi ta mayar da shi wani abu da ba ya aiki kafin ya fita ta fitsari, don haka tsamin fitsari bai dame shi kamar yadda ya dami wancan ba. Ta ce, "Ki bar yaro ya sha zobonsa, sukarin kawai za ki rage."

Wallahi da na fito sai da na tsaya na kira Hajiya kakarsa a waya na faɗa mata. Abu ne ƙarami a ido amma ni a wurina babba ne, don duk abin da za ka cire daga bakin yaron da dama magani ya rage masa cin abinci, to ka tabbatar akwai dalili. Kunun tsamiya, koko mai tsami, 'ya'yan kuka da ake damawa da nono, gwaba, mangwaro in lokacinsa ya zo, duk abubuwa ne da yake so kuma suke gina jiki, a ce an hana shi don wata murya da ba a san ma wace ce ta yi ta ba.

Inda famasis ɗin ta fi daɗewa kuma shi ne kan ƙwayar kanta. Yarona Concerta yake sha, ana yin ta miligiram 18, 27, 36 da 54, likita ne ke zaɓar wadda ta dace. Ta zazzago ɗaya a murfin kwalbar ta nuna min, 'yar doguwa ce mai tauri, ta ce in duba gefe ɗaya da kyau akwai wani ɗan mitsitsin rami da ido ke gani da ƙyar. Rufin waje yana ɗauke da kashi 22 cikin ɗari na maganin, shi ke narkewa nan take ya fara aiki, sauran kashi 78 na ciki. In an haɗiye ta, ruwan hanji ke shiga ta jikin ɓawon, a can ƙasan ƙwayar akwai wani abu da ke kumbura in ya sha ruwa kamar garin kwaki, shi ke turo maganin sannu a hankali ta wannan ramin har kusan awa 12. Shi ya sa ba a tauna ta, ba a raba ta biyu, ba a daka ta a zuba a kunu. Ta ce ta taɓa samun uwar da ke raba ƙwayar da reza don ta kai su wata biyu saboda tsada, ta ce ba ta ga laifin matar ba don ta san talauci, amma hakan haɗari ne, maganin yini guda zai iya zubowa jikin yaro lokaci ɗaya, zuciya ta riƙa bugu, da rana kuma babu komai. Ta kuma gargaɗe ni tun kafin in gani da idona, cewa ɓawon ba ya narkewa, wani lokacin za a gan shi a bayan gida kamar ƙwayar ta fito yadda ta shiga, kada in ɗauka maganin bai yi aiki ba in ƙara masa wata, kwanson ne kawai, cikin ya riga ya fita. Da ba ta faɗa ba na san hankalina zai tashi ranar da yaron ya zo yana ce min Mama maganin ya fito.

Ita Concerta ko da abinci ko ba abinci duk ɗaya ne wajen shiga jini, ko da abincin mai maiƙo ne. Amma ta ce kada in ɗauki wannan a matsayin dokar duk wani metilfenidet, kowanne da tsarinsa. Medikinet mai dogon aiki, misali, sai da abinci ko bayan an ci, in aka sha shi da cikin wofi ba zai ja lokacin da aka tsara masa ba, kuma shi ba a haɗa shi da maganin olsa irin su omefrazol ko maganin ƙwannafi, don rufin ƙwayoyin da ke cikin kafson ya dogara ne da tsamin ciki, in tsamin ya ragu sai ya saki maganin da wuri. Ritalin ƙarama ta miligiram 10 kuwa awa uku zuwa huɗu take yi ta sake ka. Wasu kafso masu dogon aiki kuma abinci mai maiƙo sosai kan jinkirta fara aikinsu, Adderall XR har kusan awa biyu da rabi yake jinkirta kaiwarsa ƙololuwa, Vyvanse kamar awa ɗaya. Jinkiri ne dai, maganin bai ɓace ba.

To me ya sa ta dage kan karin kumallo tun da abinci bai hana maganin shiga ba? Saboda cin abinci. Wannan shi ne abin da duk uwar da ɗanta ke shan maganin nan za ta ba ka labari, in ya fara aiki yunwa ɗaukewa take yi, ka zuba wa yaro abinci a kula ya dawo maka da shi yadda ka zuba, ko cokali bai sa ba. Ta ce dabara ita ce ka riga maganin, ya ci ya ƙoshi kafin ya sha ko tare da shan, kuma abinci mai riƙe ciki, ba shayi da burodi kawai ba. Ƙosai da koko, ƙwai, alale, awara, wake da shinkafa, ɗumamen tuwo, fura da nono, abin da dai gida ke da shi. Mu yanzu ɗumame ya fi karɓar mu, da miyar kuka da ɗan man shanu, yana zaune a tabarma da yunifom ɗinsa yana ci ni kuma ina tsaye da kofin ruwa da ƙwayar a hannu, sai ya gama siɗe kwanon nake ba shi ya haɗiye a gabana, ƙarfe shida da rabi. Daga nan maganin zai riƙe shi har a tashi boko, ya kai shi islamiyyar la'asar zuwa shida, lokacin yana sakinsa. A kular makaranta na daina cika shinkafa, 'yan abubuwa nake sa masa da zai iya tsakura, gyaɗa, dabino, ɗan ƙwai dafaffe, da gorar ruwa don maganin na busar da baki, ga zafin Kaduna na watan Maris da Afrilu. Bayan magariba kuwa sai yunwa ta taso masa gaba ɗaya, famasis ɗin ta ce kada in hana shi ƙari da dare, a nan yake rama na rana.

Kuma duk zuwan da muka yi tana ɗora shi a sikeli, ta auna hawan jininsa da bugun zuciya, ta rubuta a wani ɗan kati da ta ba mu in riƙa kai wa likita, ba ta karɓar ko sisi a kan wannan. Ta ce ana son a riƙa duba tsawo da nauyin yaran da ke kan maganin aƙalla duk wata 6, don a gane da wuri in girma na ja baya.

Abin da ta ce in fi jin tsoro a kan zobo sau goma shi ne kafeyin, kuma a nan ne gidanmu ya fi samun gyara. Shi kafeyin ba ya hana maganin shiga jini, a'a, ƙara masa yake yi, don shi ma mai zaburarwa ne, sai su haɗu su biyu a jikin yaro, zuciya na dukan uku-uku, hannu na rawa, ga saurin fushi, dare ya yi ido biyu. Ta lissafo min inda yake ɓuya na riƙe baki. Kofin kofi na ɗauke da kusan miligiram 80 zuwa 100, shayin ganye kamar rabin haka, gwangwanin Coke talatin da 'yan kai, ƙaramin gwangwanin Red Bull 80, ga sauran lemukan ƙara kuzari da yara maza ke saye yanzu a kowane shago kamar ruwa. Panadol Extra kowace ƙwaya na da 65, ƙullin Alabukun na da 60 ga kuma asfirin da dama ba a ba yara. Sannan goro. Kakarsa mai goro ce, kuma in jika ya zauna kusa da ita sai ta ɓantara ta miƙa masa don ƙauna, Abbansu kuma ba ya kwana bai sha shayin Buzaye a majalisa ba, yaron na biye da shi ana zuba masa a ƙaramin kofi bayan isha'i. Kafeyin kan ɗauki kusan awa biyar kafin rabinsa ya bar jikin babban mutum, to ku lissafa wanda aka sha ƙarfe tara na dare. Rashin barci kuma shi kansa yana ƙara rashin natsuwa washegari, sai a ce magani ya daina aiki a nemi ƙarin awo, alhali shayi ne. Sai da na roƙi famasis ɗin ta yi wa Abbansu bayani da bakinta ta waya, ta kuwa yi cikin ladabi, "Alhaji don Allah a taimaka mana, a mayar masa da na citta da kanumfari ba ganyen shayi." Ya ji, don maganar ta fito daga mai ilimin abin.

Ta haɗa da maganin mura mai buɗe hanci, ta ce kada in saya masa a kemis ba tare da na faɗi abin da yake sha ba, da yawansu na ɗaga hawan jini da bugun zuciya. Zancen giya ma ta taɓo, ta ce tana faɗa wa kowa ba ruwanta da addinin mutum tun da Kaduna ce kowa na zuwa, giya na sa wasu kafso masu dogon aiki su zubar da maganin lokaci ɗaya, kuma tana ƙara illolinsa.

Zancen kanwa kuwa ta dalilin ƙanwar maigidana ya taso. Tana karatu a Ingila, can aka gano tana da larurar, likitanta ya ɗora ta kan Elvanse, ta zo hutu da maganinta da takardunta. Tana fama da ƙwannafi, Hajiya kuma maganin kowane ciwon ciki a wurinta jiƙon kanwa ne, sai na ce mu je mu tambaya tukuna. Famasis ɗin ta ce mun kyauta da muka zo. Ta ce kanwa 'yar gida ɗaya ce da bekin soda, kishiyar tsami ce, kuma takardar magungunan amfetamin ta yi gargaɗi a kan bekin soda ƙarara, don yana rage tsamin fitsari, sai ƙoda ta riƙa mayar da maganin cikin jini maimakon ta zubar, ya daɗe a jiki ya yi ƙarfi fiye da yadda likita ya auna. Kun ga wannan kishiyar matsalar zobo ce, kuma ta fi ta haɗari, can magani ya yi rauni, nan kuwa ya yi yawa. Ta ce ɗan abin da ake jefawa a miyar kuɓewa ko a dafa wake ba shi take nufi ba, wanda ake jiƙawa a sha kofi guda, ko a riƙa shan kunun kanwa kullum, ko garin nan na ƙwannafi da ake zubawa a ruwa yana tafasa, irin su Eno da Andrews, su ne abin lura. Game da Elvanse ɗin kansa ta ƙara mana wani abu da ban sani ba, wai shi a kulle yake shiga jiki, an ɗaure amfetamin ɗin da wani sinadari, sai ya isa jini jajayen ƙwayoyin jini su kwance shi, shi ya sa tsamin ciki bai hana shi shiga ba, har ma takardarsa ta yarda a buɗe kafson a zuba a ruwa ko yogot ko ruwan lemo ga wanda ba ya iya haɗiya. Amma bayan an kwance shi ya zama amfetamin, zancen fitsari na nan daram. Yarinyar da kanta ta ce ko a can ba a zauna an yi mata bayani dalla-dalla haka ba.

Abin da ya ƙara mata daraja a idona shi ne ta san inda aikinta ya tsaya. Da azumi ya matso yaron ya dage shi ma zai yi, na tambaye ta ko a mayar da maganin lokacin sahur ko buɗa-baki. Ta ce abin da za ta iya faɗa min shi ne in an sha da sahur zai sake shi tun wajen la'asar, in an sha da buɗa-baki kuwa barcin daren ya tafi, ga ƙishi ga rashin cin abinci, amma canza lokaci ko dakatarwa ba hurumin ta ba ne, in koma wurin likitansa. Haka ta ƙi sa baki da na ce ko a ƙara masa awo lokacin jarrabawa. Kuma a nan zan roƙi iyaye, mu daina jin kunyar zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa, muna da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Barnawa a cikin garin nan, mutane daga jihohi suke zuwa, mu da yake ƙofar gidanmu muna tsoron kada a gan mu a ce ɗanmu ya haukace. Yaron da ba ya iya zama a aji ba mahaukaci ba ne, ba kuma aljanu ba ne, ba rashin tarbiyya ba ne, bulala ba ta gyara shi. Masu cewa maganin sabon abu ne da Turawa ke gwaji a kan 'ya'yanmu su sani tun 1944 aka haɗa metilfenidet a Suwizalan, an fi shekara sittin ana ba marasa lafiya shi.

Yanzu ga inda tauraro ɗaya ya faɗi, kuma ina fata masu wurin za su ji. Babbar matsala yankewar magani. Sai ka zo da takardarka a ce babu, a dawo mako mai zuwa, mako ya zo a ce kaya na hanya daga Legas. Na san ba duka laifinsu ba ne, magani ne da ake shigo da shi da izini na musamman, amma ai za su iya kiran waɗanda suka san duk wata suna zuwa su sanar da su da wuri, suna da lambobinmu a rajista. Akwai lokacin da ya yanke wani yaron kanta da ke zama da yamma ya ce in karɓi wani samfurin, wai ai duk metilfenidet ne awo ɗaya. Na ce zan jira. Da safe na faɗa wa famasis ɗin, ranta ya ɓaci sosai, ta ce ba a musanya masu dogon aiki haka kawai don yadda suke sakin maganin ya bambanta, wani rabi da rabi ne, wani kashi 30 da 70, wani sai da abinci wani ba ruwansa, har hukumar magunguna ta Birtaniya ta fitar da gargaɗi a kan haka a 2022. To in ita ta sani, ya kamata duk wanda ke tsayawa a bayan kantar nan ya sani, ko a hana shi taɓa wannan akwatin.

Sai rashin sirri. Kanta ɗaya ce doguwa, kana bayanin larurar ɗanka mai sayen man shafawa na jingine da kafaɗarka yana ji. An taɓa ɗaga murya daga ciki ana tambaya wace ce mai maganin ƙwaƙwalwa, wuri cike da mutane, na ji ba daɗi har cikin raina. Ɗan lungu da labule da kujera biyu ya isa, ba wani kuɗi zai ci ba. Tsada kuwa ba a magana, kusan duk zuwa da sabon farashi, dala ta hau ya hau, dala ta sauka shi bai sauko ba, iyaye da yawa na san sun haƙura da maganin don wannan. Wurin ajiye mota ƙunci, POS ɗinsu yakan yi gardama, gara ka tafi da shirin tiransifa. Amma wurin tsaf yake, akwai sola, iya kwandishan na aiki ko an ɗauke wuta, wanda ke da muhimmanci don maganin ba ya son zafi da danshi, famasis ɗin ma ta ce kada in ajiye kwalbar a mota ko kicin ko a cire ɗan ƙullin da ke ciki mai tsotse danshi, kuma a sa ta inda yara da baƙi ba sa kaiwa.

In za ku je, ku je da safe lokacin da take nan, ku tafi da kwalin maganin ko kwalbarsa don ta ga ainihin sunan da irinsa, ku rubuto duk abin da yaron ke ci da sha har na gidan kaka da na bakin makaranta, da duk wani magani ko jiƙo da ake ba shi ko na gargajiya ne. Kada ku jira sai ƙwaya ta ƙare, ku kira tun saura na kwana goma ku ji ko akwai. Ranar Juma'a tana tashi da wuri, sai ku riga azahar.